Za a Sauya Rufin Gida? Kafin a Cire Kwano Ɗaya, Ki Tambayi Inda Tarkacen Zai Tafi

Uwargida, idan a Badarawa kike, ko Kwaru, ko Unguwar Dosa, kin san abin da iskar farkon damina take yi wa unguwa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, a yi ta jin kwano yana kaɗawa, washegari a wayi gari rufin wani yana tsakar gidan wani. Gidan da ya tsira kuwa, Agusta na nan tana jiransa: a jera bokiti da roba a tsakar ɗaki ana tarar yoyo, a janye katifa, a naɗe kafet. Daga nan ne maigida yake cewa, "In Allah ya kai mu rani, rufin nan sauya shi za a yi."

Idan lokacin ya zo, za a zauna da kafinta a yi lissafi: kwano bandir nawa, katako nawa, ƙusa kilo nawa, kuɗin aiki nawa. Abu ɗaya ne ba kasafai yake shiga takardar ba. Abin da za a sauko da shi daga sama, ina za a kai shi, wa zai kwashe, kuma da kuɗin wa? Kafinta aikinsa ya ƙare da ya buga ƙusar ƙarshe. Maigida ya fita nema tun da safe. Wadda za ta wuni da tsibin tsohon kwano da ruɓaɓɓen katako da ƙura, ga mai rarrafe ga masu guje-guje, ke ce. Saboda haka ki sa baki a maganar tun ana zaune, kada ki bari sai an yaye rufi.

A Amurka da Ingila, mai irin wannan aiki yakan yi hayar wani ƙaton akwatin ƙarfe marar murfi. Mota ta kawo ta ajiye a ƙofar gida, ma'aikata su riƙa jefa tarkace a ciki, in ya cika ta dawo ta ɗauke. Ana biya ne gwargwadon girman akwatin da nauyin kaya da yawan kwanaki, kuma a Ingila idan a kan titi za a ajiye shi sai an nemi izinin ƙaramar hukuma. Suna da dalilin wannan tsari: hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2018 kaɗai tarkacen gini da rusau a ƙasar ya kai tan miliyan 600. Mu a nan magidanci ba akwati yake haya ba. Akwatinmu tifa ce, da akori-kura, da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da mai kura, da mai baro. Kuma muna da abin da su ba su cika mora ba: rabin abin da zai sauko daga rufinki kuɗi ne, akwai masu saye har ƙofar gida. Sai dai a cikin sauran rabin akwai abin da zai iya yi wa yaranki illa, wani nan take, wani sai bayan shekara talatin.

Kada a bari ya zama tsibi ɗaya

Ɗabi'ar ma'aikata ita ce su riƙa cillo komai ƙasa wuri guda. Kwano a kan katako, katako a kan sili, fasassun bulo a kai. Da zarar an cakuɗa, kin yi asara sau biyu: mai sayen ƙarfe zai karya farashi don sai ya tona, mai tifa kuma zai ga tsibi ya yi girma ya ce sawu biyu ne. Tun kafin a hau sama ki nuna musu wurare huɗu. Nan ƙarfe, nan katako, nan ɓaraguzan bulo da siminti, can kuma nesa da ɗakin girki da wurin wasan yara, sili da ƙurar cikinsa. Lebura ɗaya da zai tsaya a ƙasa yana karɓa yana jerawa, kuɗinsa na yini bai kai abin da zai cece miki ba.

Yara kuwa, ranar yaye rufi ba ranar zamansu a gida ba ce. A kai su gidan kaka ko maƙwabta, da mai ciki da mai asma da tsofaffi. A rufe randa da tanki da bakin rijiya, a kwashe kayan abinci da kwanuka, a naɗe shanya. Wayar lantarki da ta shigo gida daga turke, galibi a jikin katakon rufi ake ɗaure ta. A kira mai gyaran wuta ya raba ta tukuna. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama in za ta dawo, kuma ga mutum a sama riƙe da faffaɗan kwano.

Silin nan na asbesto

A nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da aka fi rainawa.

Idan gidanku tsoho ne, irin waɗanda aka gina tun shekarun 1970 ko 1980, har zuwa na 1990, akwai yiwuwar silinsa na asbesto ne. Kin san shi: fale-falen nan masu kusurwa huɗu, fari-fari ko ruwan toka, masu tauri kamar siminti, waɗanda in sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. Wasu gidajen gwamnati da makarantu da barikoki ma rufin kansa na asbesto ne, mai kauri mai tudu da kwari. An so shi a lokacin saboda ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, kuma yana rage zafi.

Asbesto wani ma'adini ne da ake haƙowa, mai siraran zaruruwa, ana cuɗa shi da siminti. Muddin falen yana nan lafiya a sama, an shafe shi da fenti, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa ne ranar da aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka huda, ko aka share garinsa da tsintsiya. A lokacin zaruruwan suke tashi, ido ba ya ganinsu, ba su da wari, ba sa ma sa mutum tari a ranar. Suna shiga can cikin huhu su maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da su. Bayan shekara ashirin, talatin, har arba'in, sai su fito a matsayin taurin huhu, ko kansar huhu, ko wata kansa ta fatar da ta lulluɓe huhu wadda likitoci ke kira mesoteliyoma, wadda kusan ba a ganinta sai ga wanda ya shaƙi asbesto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa yana haddasa kansa, kuma mutum fiye da 200,000 ne suke mutuwa duk shekara a duniya sanadin shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005.

Ki yi lissafin da kanki. Kafinta mai shekara sittin da ya shaƙa yau, da ɗanki mai shekara huɗu da ya zauna yana zane a ƙasa da gutsuren silin kamar alli, wa cutar za ta samu lokacin jira a jikinsa?

Ba a iya tabbatar da asbesto da ido, domin akwai sababbin fale-fale masu kama da shi da ba su da shi. Hanya mafi sauƙi: in tsohon sili ne mai tauri, ki ɗauka shi ne. In yana da kyau kuma ba dole, a bar shi a inda yake a sauya kwano kawai. In dole sai ya sauko, to a jiƙa shi tukuna da ruwa mai ɗan sabulu, a zare ƙusoshin a hankali, a sauko da kowane fale ɗungurungum hannu da hannu. Ba a jefowa, ba a taka shi don ya shiga buhu. A jera a kan leda mai kauri, a naɗe ninki biyu, a ɗaure, a rubuta a jiki. Garin da ya zube a kwashe shi a jiƙe da tsumma, a jefa tsumman cikin ledar. Takunkumin ƙyalle irin na lokacin korona ba ya tare wannan ƙura. Wanda ke aiki shi ne mai matata da aka rubuta FFP3 ko P100 a jikinsa, ana nemansa a shagunan kayan kariyar ma'aikata. In kafinta ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai ga komai ba, ki tuna cewa shekara ashirin ɗin ita ce farkon lokacin da cutar take fara nuna kanta.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mata kai tsaye. A ƙasashen da suka yi masana'antun asbesto, an samu matan da ba su taɓa taka masana'anta ba amma suka kamu, saboda su ne suke kakkaɓe kayan aikin mazajensu suna wankewa. Don haka in maigida ko ɗanki saurayi ya sa hannu a aikin, ya sa tsofaffin kayan da za a zubar. Kada a kakkaɓe, kada a haɗa da wankin gida, ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri.

Kuma don Allah kada a yi kyauta da shi. Za a zo ana roƙo: wannan zai yi akurkin kaji, wancan zai cike ramin ƙofar gida, wata za ta ɗora a murhu ta kare iska ko ta gasa masara. Ciko da asbesto a hanya shi ne mafi muni, domin kowace taya da ta bi ta kai niƙa shi take yi, iskar hunturu kuma ta raba wa kowa. Kafin ranar aiki, maigida ya je ofishin KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, ya faɗa musu abin da yake da shi, ya tambayi inda aka yarda a kai a binne.

Katako ba itacen girki ba ne

Na san yadda ido yake kai wa ga tsibin busasshen katako a wannan zamani da gas da gawayi suka yi tsada. Amma katakon rufi ba kamar itacen daji ba ne. Kafintoci suna shafe shi da maganin gara ko baƙin man inji don kada ya ciwu, wasu ma su haɗa biyun. Allunan bakin rufi kuma suna da fenti, tsohon fenti kuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, dalma kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Idan kika hura wuta da shi, hayaƙin ke da goyonki za ku fara shaƙa, tokar kuma ta rage a tsakar gida. Kada a sayar wa mai tuya ko mai gashi shi ma. Haka silin roba da ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, ba a ƙona su a cikin unguwa.

Katakon da yake da sauran ƙarfi, kafinta zai iya mayar da shi, ko a yi rumfa ko turken shanya ko a sayar wa masu tsohon katako. A nan ki buɗe ido kaɗan. Wanda zai ce miki "duk ya mutu, Hajiya" wani lokaci shi ne zai ɗaure shi a babur da yamma. A soka masa ƙusa a gabanki: in ta shige kamar cikin burodi, gara ta gama da shi, ya tafi bola, kada ma ya kwana kusa da sabon katako. In ya turje, dukiya ce.

Ƙusa

Bandir ɗaya na kwano falle ashirin ne. Ki ƙaddara rufinki bandir biyar ne, kowane falle kuma an buga masa ƙusa goma. Ƙusa dubu ke nan, ban da na katako da na sili, kuma ƙusar kwano mai hula ce, in ta faɗi takan tsaya da tsininta sama. Yaranmu kuwa da silifas suke yawo, in ma sun sa.

Maganinta mayen ƙarfe. A nemo na tsohuwar lasifika wurin mai gyaran rediyo, a ɗaura masa igiya, a ja shi a tsakar gida da zaure da ƙofar gida kullum da yamma bayan an tashi aiki, sannan a sake bayan kwana biyu, a sake bayan ruwan farko, don ruwa yana tono waɗanda suka nutse. Katakon da ke da ƙusa a jiki a zare ko a lanƙwashe ta nan take.

Idan aka yi rashin sa'a wani ya taka, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu sosai, a tafi asibiti a ranar. Kada a zuba baƙin mai ko toka ko kananzir, kada a ce ai ramin ƙarami ne. Ƙaramin rami mai zurfi shi ne wurin da ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ta fi so. Mutane suna cewa tsatsa ce take kawo ta, amma ƙwayar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, ƙusa hanya kawai take buɗe mata. Cibiyar lafiya ta matakin farko da ke Badarawa tana kusa, ga Babban Asibitin Kawo, ga Barau Dikko in abin ya yi tsanani. Ki tafi da katin rigakafin yaron. Allurar nan da ake yi a sati shida da goma da sha huɗu tana ɗauke da kariyar wannan cuta, amma ma'aikacin lafiya ne zai duba ko ana bukatar ƙari.

Sai ƙurar cikin sili, wadda ta shekara da shekaru tana taruwa da kashin ɓera da na jemage. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi tashi da rani, daidai lokacin da ake gyaran rufi. A yayyafa ruwa mai ɗan bilic kafin a kwashe, a sa safar hannu. Ɓerayen da aka rushe wa gida kuma sabon masauki za su nema, saboda haka buhun masara da na shinkafa su shiga cikin abu mai murfi tun kafin ranar.

Abin da zai dawo miki da kuɗi

Tun ba a gama sauke kwano ba za ki ji sallamar 'yan gwangwan. Labari yana riga ki fita. Kada ki sayar wa na farko, kuma kada ki sayar a tsibi da ido.

A fara ware fallayen da za su sake moruwa. Kwanon da, na zamanin iyayenmu, ya fi yawancin na yanzu kauri, wanda bai huje ba ana sayensa falle-falle don shago ko garejin awaki ko katangar fili, kuma kuɗinsa ya fi na kilo nesa. Wanda ya ruɓe shi ne na sikeli. Sannan a gwada kowane ƙarfe da mayen nan: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da bai kama ba alminiyam ne ko jan ƙarfe na tsohuwar waya, kuma kilonsu ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa. In an auna su tare, da farashin mai araha za a biya ki. Kaduna gari ne da Allah ya ba Panteka, kasuwar da babu ƙarfen da ba a san darajarsa ba. A tura wani ya jiyo farashin kilo na ranar kafin a fara ciniki a gida. Awo kuma a yi shi a gaban namiji babba na gidan, a ƙofar gida, ana rubutawa. Ba sai baƙo ya shigo har tsakar gida yana ƙare wa ɗakuna kallo ba, alhali gidan ba rufi.

Tun wajen jinga da kafinta a faɗa a fili: tsohon kwano na mai gida ne ko an haɗa shi cikin kuɗin aiki? Rigima da yawa daga nan take tashi. In gidan haya ne, kwanon na mai gida ne, kwashe tarkacen ma nasa ne, sai dai in kun yi wata yarjejeniya, ita ma a rubuta. In gidan gado ne da ba a raba ba, kuɗin tsohon kwano na magada ne duka, komai ƙanƙantarsa. A rubuta abin da aka sayar, a sanar da kowa, a zuba shi cikin aikin in sun yarda. An sha ganin zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai kuɗin bandir ɗaya ba.

Ɓaraguzan bulo da siminti zalla, waɗanda ba sili a ciki, su ma ba shara ba ne. Mai sabon gini yana neman ciko, lungun da ruwa ya zaizaye yana nema. Ki sa a yi cigiya, sau da yawa mai so zai kwashe da kansa.

Cinikin tifa

In an yi duk wannan, abin da ya rage zai ba ki mamaki don ƙanƙanta. Mai yiwuwa ma ba tifa ake bukata ba, akori-kura ko babur mai ƙafa uku sawu biyu ya isa. Shi ya sa ba a kiran mota sai an gama warewa. Amma maganar kuɗinta da ranar zuwanta, tun kafin a hau rufi ake yin ta, don ba a fafa gora ranar tafiya.

Masu tifa da yawan taya suke bambanta mota, mai shida da mai goma, kuma da sawu suke ciniki. Farashi yana bin kuɗin man dizal da nisan wurin zubarwa, yana kuma sauyawa, don haka a tambayi mutum uku. A ɗauki hoton tsibin a tura wa direba, ko ya zo ya gani da idonsa, a yanke magana a kan kwashe wannan tsibi gaba ɗaya. In aka bar shi a buɗe, za a yi miki lodi sama-sama a ce saura sawu ɗaya. A tambaya tun farko: kuɗin masu lodi yana ciki? Shebur da kwandon ɗiba na wa? In akwai abin da ake biya a wurin zubarwa, wa zai biya? Wata dabara kuma: in za a kawo muku yashi ko tsakuwa don gyaran bango, motar da ta kawo fanko za ta koma. A yi ciniki da direban tun kafin ya taso ya tafi da tarkacen, ya fi sauƙi a kan kiran wata daban.

Sai maganar hanya. Wanda ya san cikin Badarawa da Kwaru ya san akwai lungunan da Keke ma da dabara yake shiga. In tifa ba za ta kai ƙofarku ba, aikin ya zama hawa biyu: masu baro ko kura su fitar zuwa bakin titi, mota ta ɗauka daga can. A haɗa su rana ɗaya, sa'a ɗaya. Tarkacen da aka tara a bakin titi "kafin gobe" shi ne yake yin wata, maƙwabta su fara ƙara masa sharar gida, a wayi gari an buɗe sabuwar bola da sunanku. In kuwa motar za ta shiga, a duba abin da za ta taka: murfin kwata, bututun ruwa, da ramin masai da wasu suke haƙawa a waje. Tifa mai lodi ba ƙaramin nauyi ba ce, in ta rufta da murfin kwatar maƙwabci, kuɗin gyara zai fi kuɗin sawun. A yi lodi da safe bayan yara sun tafi makaranta, kafin a taso, kuma wani babba ya tsaya a bayan motar duk lokacin da za ta yi baya. A rufe kayan da tamfol kafin ta tashi.

A sanar da maƙwabta kwana biyu kafin aiki, musamman waɗanda kuke haɗa katanga, su kwashe shanya su rufe abinci, matan gidan kuma su san za a hau sama. In za a tare hanya, a gaya wa mai unguwa. In kuma aikin ya wuce sauya kwano, za a ɗaga gini ko a sauya fasalin gida, wannan maganar KASUPDA ce, hukumar tsara birane ta jiha, gara maigida ya je ya tambaya kafin a zo a yi wa bango jan fenti.

Ina ya kai?

Wannan tambayar ce ba a yi, don da mota ta sha kwana hankali ya kwanta. Direban da ya karɓi kuɗi mai araha ƙwarai, a wani wuri zai rage asara, kuma wurin shi ne nisa. Kwari mafi kusa, bakin rafi, filin wani da ba a gina ba, ko babbar kwata da dare. Mai baro ma haka, in ba a bi shi ba, lungu na uku zai juye.

Duk ruwan da ya sauka a wannan yanki Kogin Kaduna yake nema, ta kwatoci da ƙananan rafuka. Katako da kwano da buhunan ɓaraguzai in suka tsaya a bakin kwalbati, leda da yashi su taru a bayansu, ruwan Agusta da Satumba sai ya nemi wata hanya, hanyar kuwa ɗakin wata ce. Mutanen garin nan ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, kuma masu zama a Rafin Guza da Unguwar Rimi da Kigo Road kusan kowace damina da ido ɗaya suke barci. Cikar kogi ba laifin tarkacen gidanki ba ne, amma toshewar kwatar unguwa aikin hannun mutane ne, kuma sauron da zai ƙyanƙyashe a ruwan da ya kwanta ba ya tambayar gidan wa aka yi wa rufi.

Don haka a tambayi direba sunan wurin da zai kai, a tabbatar wuri ne da hukuma ta amince a zuba. A ba shi kafin alƙalami kawai, cikon sai ya dawo. Wani saurayi na gida ya bi motar, ko direban ya turo hoton wurin da motar tana juyewa. Ƙunshin asbesto kuma kada ya hau tifa tare da sauran kaya, domin in ta ɗaga baya ta juye, duk naɗin da aka yi ya tashi a banza. Shi a ɗauke shi daban, a sauke da hannu.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, bayan ruwa ya ɗauke. Sai dai iskar hunturu tana ɗaukar ƙura, tana kuma iya fizge falle daga hannun mutum, saboda haka kwanon da aka sauke a jera shi kwance a danne da bulo, kada a jingina shi da bango inda yaro zai ja. In gidan babba ne, a yaye ɓangare-ɓangare, ku koma ɗakin da aka gama. Wanda ya ja aikin har Afrilu kuwa, ya tanadi tamfol babba a kusa, ya kuma roƙi kafinta kada ya buɗe abin da ba zai iya rufewa a ranar ba.

Kafin yara su dawo gida, a goge ɗakuna da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, bango da taga da saman kwaba, a wanke labule da zannuwan gado, a ja mayen ƙarfe sau ɗaya na ƙarshe. Sannan ki sa silifas mai kauri ki zaga tsakar gidan da kanki, har bayan randa da ƙarƙashin turmi.